Ranar da Baba Ya Bi Sawu a Hawa na Huɗu

Ƙarfe tara da rabi aka gane fayil ɗin ya ɓata, kafin goma saura kwata kuwa duk wanda ke hawa na huɗu ya gama yanke wa kansa hukunci cewa ni ce. Ban ga laifinsu ba. A sabuwar babbar kotun tarayyar nan tamu ba a taɓa takarda sai an goga kati a na'ura, kuma katina ne na ƙarshe da ya taɓa fayil ɗin, ƙarfe takwas da minti goma. Na fito da shi, na duba shafukansa, na ajiye a kabad ɗin shari'o'in ranar. Sha biyun rana alƙali zai zauna ya yanke hukunci a kansa.

Babbar Magatakarda mace ce da ba ta maimaita magana. Ta kira ni ta ce in sha biyu ta buga babu fayil, takardar dakatar da ni tana kan teburinta, 'yan sanda kuma ga su nan a ƙasa. Shekara tara ina aikin nan, ko biro ban taɓa kai wa gida ba.

Abin da ya ƙara dagula mini lissafi shi ne, ranar ce Baba ya ga damar kawo mini ziyara.

Mahaifina mai bin sawu ne. Shekara arba'in yana bin shanun sata da awaki, ya dubi ƙasa ya ce maka ɓarawon dogo ne, ya gaji, kuma akuyar tana da ciki. Tun da aka buɗe ginin yake cewa sai ya zo ya ga gidan gilashin da 'yarsa ke aiki, ni kuwa ina ta yi masa hanya-hanya. Sai kawai ya hau motar farko ba sanarwa. Tara saura minti ashirin masu gadi suka bugo waya wai ga wani tsoho a ƙofa yana cewa shi ya haife ni. Na sauka a guje, na bar mukulli a jikin kabad. Wannan sakacin nawa ne, ba na musu.

Minti ashirin da biyar na yi a ƙasa, duk saboda Baba. Sai da ya gaisa da masu gadi ɗaya bayan ɗaya har da tambayar iyalansu. Na'urar bincike ta yi ta kuka a kansa sai da aka raba shi da 'yar wuƙarsa ta yankan farce. Da muka shiga babban falo, ya ɗaga kai ya ƙirga hawa goma sha biyu, ya dubi dutsen da aka shimfiɗa a ƙasa yana ƙyalli, sai ya tuɓe takalmansa ya maƙale a hammata. Na roƙe shi da girman Allah ya mayar. Ya ce ƙasar da ta fi farantin gidanmu tsabta ba zai taka ta da takalmin da ya shiga tasha ba. Haka muka ratsa ta tsakiyar lauyoyi, shi ba takalmi, ni kamar in nutse don kunya. A cikin lif ya damƙe hannuna, ya ce an bar cikinsa a ƙasa.

*

Shugaban masu gadi, wanda muke kira Saje, ya nuna mana hoton kyamarar da ke kallon ƙofar ofishinmu. Daga takwas da minti goma zuwa tara da rabi mutum huɗu suka shiga, ban da Baba da na shigo da shi: ni, da masinjanmu, da wani lauya, da Kawu. Kowa ya fito hannu rabbana, fayil ɗin kuwa kaurinsa ya kai bulo, ba abin da za a cusa a aljihu ba ne.

Kawu shi ne shugaban ɗakin fayil. Ba dangina ba ne, duk ofis haka muke kiransa. Shekara talatin da ɗaya yana aikin, tun a tsohuwar kotu, saura wata huɗu ya yi ritaya. Shi ya koya mini komai, daga yadda ake jera shafi har yadda ake yi wa lauya mai tsiwa shiru. 'Yata yake ce mini. Da na kai masa Baba, sun daɗe suna gaisawa kamar sun shekara da sanin juna, Baba na yi masa godiyar riƙon da ya yi mini. Sai dai Baba yana da wata ɗabi'a da ke ba ni haushi tun ina ƙarama: in yana gaisawa da mutum, ƙafarsa yake kallo, ba fuskarsa ba.

Da labarin ɓatan ya iso kunnensa, Baba ya tambaye ni ko fitar da na yi dominsa ce ta jawo. Na ce a'a. Ya ce ƙarya nake yi, ya ga yadda na tsaya. Ya miƙe ya ce a nuna masa inda aka ga abin na ƙarshe.

Na ce, “Baba, nan ba daji ba ne. Wane sawu za ka gani a kan dutsen da ake gogewa kullum?”

Ya ce, “Ke dai kai ni.”

Magatakarda ta so ta hana, sai Saje ya sa baki, ya ce a inda ya taso ya ga aikin irin waɗannan tsofaffi da idonsa, kuma ba abin da za a rasa. Ta dubi agogo, ta ce ta ba Baba awa ɗaya, kada ya taɓa takardar kowa.

*

Masinjan aka fara kawo wa Baba, don shi mutane suka fi zargi bayan ni. Dattijo ne mai ɗingishi, ya taɓa ɓatar da wata wasiƙa shekara shida da suka wuce, har yau ba a yafe masa ba. Ya zo yana rantsuwa tun ba a tambaye shi ba. Baba bai ce masa uffan kan fayil ba. Gwiwarsa ya tambaya, yaushe ta fara, me yake shafawa, yana iya hawa matakala kuwa. Masinja ya ce rabonsa da matakala tun da aka dawo ginin nan, lif ne gatansa. Baba ya dubi silifas ɗin robar da ke ƙafarsa, ya ba shi shawarar ruwan ɗumi da gishiri, ya sallame shi.

Kafin ya fita masinja ya rage murya ya ce shi fa ya ga lauyan nan ya wuce kantar ofis ya shiga ɗakin ciki, wato ɗakin fayil, lokacin da na sauka. Nan take ofis ya ɗauka. Lauyan shi ke kare waɗanda ake tuhuma a shari'ar, sau biyu yana neman a ɗage zama ana hana shi. Wa ya fi shi son fayil ya ɓata? Ni kaina na ji sanyi a raina, na ce Allah Ya kama shi.

Aka kira shi. Turarensa ya riga shi shigowa, takalminsa baƙi wul yana ɗaukar ido. Ya yi ta faɗa da Turanci kan cin mutunci, sannan ya sauko ya ce e, ya shiga, hatimi yake nema a buga masa, ya yi sallama sau uku ba a amsa ba, ya leƙa ɗakin ciki bai ga kowa ba, ya fito. Kawu ya ce shi yana can bayan kantocin ƙarshe yana jera tsofaffin takardu, kunnensa kuma ba kamar da ba. Kowa ya gyaɗa kai, don ɗakin dogo ne, kantocin sun fi mutum tsayi. Baba ya tambayi lauya sau nawa ya ce ya yi sallama. Ya ce uku. Baba ya yi masa godiya.

Ta ƙarshe ita ce mai goge ƙasa, wata baiwar Allah mai baki kamar reza. Ta ce ƙarfe bakwai ta goge ɗakin fayil lungu-lungu, wanda ya samu ƙwayar datti bayan ta fita to shi ya kawo abinsa. Ta dubi ƙafafun Baba, ta ce duk ginin nan shi kaɗai ya san darajar aikinta. Baba ya washe baki kamar an ba shi sarauta.

*

Ya shiga ɗakin fayil yana tafiya a hankali, ba ya ɗaga ƙafa sosai, yana ɗan jan tafinta a ƙasa. Ni ina biye da shi, Saje na biye da ni, agogon bango na cewa goma da rabi. Ya bi layi na farko, ya bi na biyu. Zuciyata ta fara tafasa. Ina tsaka da tunanin yadda zan gaya wa mahaifiyata an kore ni, sai na ga ya tsaya cak a bayan kantar ƙarshe. Ya murza babban yatsansa a ƙasa, ya tsuguna, ya shafa da tafin hannu, ya nuna mini. Ƙwayoyin yashi ne, ba su fi goma ba. Da takalmi ko shekara za ka yi kana wucewa ba za ka ji su ba.

Gabansa kaɗan akwai wata ƙofar ƙarfe da na manta ma da ita. Saje ya ce ta gudun gobara ce, daga ciki ake tura ta, in ta rufe ba ta buɗuwa daga waje, shi ya sa ba a sa mata kyamara ba. Wanda ya fita ta nan ba zai dawo ta nan ba. Baba ya sa Saje ya buɗe, ya duba gefenta daga ƙasa, ya lakato wani baƙin abu da farce ya shinshina. Man goge takalmi ne.

Ya ce, “Zai dawo mana, in ya bar takalminsa ya riƙe masa ƙofa.”

Saje ya ce to ai magana ta ƙare, lauya ne, a je a kama shi. Baba ya ce ba lauya kaɗai ke goge takalmi ba, mu dai mu sauka.

Bayan ƙofar matakala ce da ba mai bi, ƙura ta lulluɓe ta. Na ga fuskar Baba ta sake, kamar ya dawo gida. Ya hana mu taka tsakiya, ya sa muka bi gefen bango. Yana sauka yana karantawa da ƙaramar murya. Mutumin da safa ya sauka, don ba a tafiya da takalmi ɗaya, ya tuɓe duka biyun. Ba yaro ba ne, yana haɗa ƙafa biyu a kowane mataki. Bai riƙe ƙarfen gefe ba wajen sauka, hannuwansa na rungume da kaya. A kwanar hawa na uku akwai jan bokitin yashi na kashe wuta da ya daɗe da kifewa, mutumin ya taka cikin yashin tsamo-tsamo da ƙafa biyu.

A hawa na biyu sawun ya tsaya gaban akwatin tiyon kashe gobara. Saje ya buɗe. Ga fayil ɗina a bayan tiyo, an naɗe shi tsaf da jarida don kada ƙura ta taɓa shi. Na rungume shi. Amma naɗin jaridar nan ya tsaya mini a rai. Na kori tunanin da ya zo mini, na ce shaiɗan ne.

Baba bai gama ba. A hanyar komawa ya nuna mana inda mutumin ya zauna a kan mataki, ya daɗe har ƙurar ta share. Ya tashi ya koma ƙasa taki uku, kamar zai je ya ɗauko abin, sannan ya juya ya hau. Baba ya ce wanda ya saba sata ba ya zama.

*

Na ɗauka an gama, ashe da saura. Magatakarda ta karɓi fayil, ta ƙirga shafuka, ta ce sun cika. Sannan ta dube ni ta ce samun fayil daban, sanin wanda ya ɓoye shi daban. Katina ne a na'ura, mukullina ne a kabad, mahaifina ne ya gano maɓoyar cikin rabin awa. In ita ta yarda, waɗanda ke sama da ita za su ce ni na raɗa masa. Takardar dakatarwa tana nan yadda take.

Baba ya ce gaskiyarta, shi ma da haka zai ce. Ya roƙi a tara masa mu huɗun a ofishinta, a ba shi farar takarda guda huɗu.

Sha ɗaya da minti ashirin muka jeru: ni, masinja, lauya, Kawu. Saje ya tsare ƙofa. Baba ya shimfiɗa wa kowa takarda a gabansa, ya yi bayani a taƙaice. Wanda ya taka yashi da takalmi, a ƙarƙashi yake ɗaukarsa, taki goma ya zube. Wanda ya taka da safa sannan ya mayar da takalmi, a ciki yake ɗauke da shi, yini guda yana cizonsa. Don haka kowa ya tuɓe ya kife a kan takarda.

Ni na fara, ba abin da ya faɗo. Masinja ya karkaɗe silifas ɗinsa har sau uku don a tabbatar. Lauya ya ce wannan ba ya cikin kowace doka, Magatakarda ta ɗaga masa gira, ya sunkuya. Banda ƙamshi babu abin da ya fito daga takalminsa.

Kawu bai sunkuya ba. Yana tsaye, hannuwansa a baya, yana kallon takardar da ke gabansa. Ni kuwa ina addu'a a zuci, Allah Ka sa bayansa ne ke ciwo.

Baba ya ce masa a hankali, “Malam, tun da muka gaisa da safe kake goga ƙafarka a ƙafar kujera. Cire ka huta.”

Kawu ya zauna. Ya kwance igiya, ya cire na dama, ya kife. Ofishin ya yi tsit har muna jin saukar yashin a kan takarda.

Ba wanda ya tambaye shi, shi ya fara magana, idonsa a ƙasa. Cikin waɗanda za a yanke wa hukunci akwai ɗan yayarsa, ba wanda ya sani don sunansu bai haɗu ba. Yayar tana asibiti, likitoci sun ce kwanaki ne suka rage mata. Ba so yake yaron ya tsira ba, ya san ya yi laifi. Mako biyu kawai yake nema, ta tafi ba ta ji an ɗaure ɗanta ba. A tsohuwar kotu, in ji shi, fayil yakan ɓata, a yi faɗa, a ɗage zama, bayan kwana goma a tsince shi a bayan kabad, ba a taɓa korar kowa ba. Shi har yau a can kansa yake. Ya manta nan na'ura na riƙe sunan wanda ya taɓa na ƙarshe.

Ya ɗago ya dube ni. “Wallahi 'yata ban zaci a kanki zai faɗa ba.”

Haushi nake ji, tausayi nake ji, kuma ina ƙaunar tsohon nan, duk a lokaci guda. Baba ne ya amsa masa.

“Ɗaukar da ka yi, na fahimce ta, ni ma ina da 'yar'uwa. Amma awa biyu tana tsaye ana kiranta ɓarauniya, kana kallo. Wannan ne ban san inda zan ajiye ba.”

Kawu ya rufe fuska da hannu biyu. Magatakarda ta yaga takardar dakatarwar ta jefa a kwando, ta ce wa Saje ya raka shi ƙasa ta lif ɗin ma'aikata, ba ta gaban jama'a ba, kuma kada a riƙe masa hannu. A bakin ƙofa ya juyo ya ce mini shafi na arba'in ya ɗan yage daga gefe, in lallaɓa shi wajen buɗewa. Nan ne hawayen da nake riƙewa tun safe suka ƙwace mini.

*

Magatakarda ta ba ni minti biyar in wanke fuska, ta ce ni zan kai fayil ɗin gaban alƙali da hannuna. Ta tambayi Baba me za a yi masa. Ya ce shi dai kotu ya zo gani, tun safe kuma matakala kawai aka nuna masa. Ta sa aka ba shi wuri a bencin baya na babban zaure, aka ja masa kunne cewa ba a magana, kuma in alƙali ya shigo kowa zai miƙe tsaye.

Sha biyu saura minti uku na turo ƙofar gefe, fayil a ƙirjina. Zauren ya cika maƙil, lauyoyi a gaba da baƙaƙen rigunansu, jama'a a baya, kowa na zaune yana jira. Ina tsakiyar hanya na hango mutum ɗaya tsaye a can ƙarshe, ya miƙe sambal, hannuwansa a gefe. Mai tsaron zauren ya lallaɓa ya je ya raɗa masa cewa ya zauna, alƙali bai shigo ba tukuna. Baba bai iya raɗa ba, don haka rabin zauren ya ji amsarsa.

“Na sani, ɗana. Wadda na zo gani ce ta shigo.”

Bai zauna ba sai da na ajiye fayil ɗin a gaban kujerar alƙali.